Tolerate, endure ko put up with: wanne ne daidai da "mun yi haƙuri"?

Mai Aikin Dare ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san Turanci ciki da bai.

Ina aikin dare a wata masana'anta, a ɓangaren injuna. Na'urorin da ke fitar da zafi daga ɗakin sun daɗe da lalacewa, ga ƙarar da ba ta barin mutum ya ji maganar na kusa da shi. Mun yi magana da baki, an ce mu dakata, mun dakata. Yanzu abokan aikina sun ɗora mini rubuta takarda zuwa ga shugabannin kamfanin, kuma da Turanci za a yi ta. Abin da nake so in faɗa ba shi da wuya da Hausa: mun yi haƙuri, mun daure, amma tura ta kai bango. Ina so takardar ta fita da ladabi kada a ce mun yi rashin kunya, kuma kada ta yi kama da ta masu bara, domin haƙƙinmu muke nema.

Da na buɗe ƙamus sai ya zubo mini kalmomi rututu: tolerate, endure, bear, stand, put up with, abide, suffer, withstand, har da wata brook da na sani da ma'anar ƙaramin rafi. Duka wai jurewa suke nufi. Ni dai ban yarda harshe zai tara kalmomi haka ba tare da kowacce tana da mazauninta ba. Mu ma ai haƙuri daban, juriya daban, kawaici daban.

Don Allah wacce ta dace da takarda irin wannan? Sannan duk lokacin da muka tayar da maganar, manajan yakan ce "bear with us". Haƙuri yake ba mu, ko kuwa umarni ne aka lulluɓe?

Tsohon Malami ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya kawo muku mafita. Turanci na koyar har na yi ritaya, kuma abin da nake fara gaya wa ɗalibai game da waɗannan kalmomi shi ne su tambayi kansu: wa ke da iko a kan abin da ake jurewa? A nan rabuwar take.

Tolerate kalmar mai iko ce. Mai faɗinta yana da halin hanawa, amma ya ƙyale. Shugaban makaranta ne ke cewa "I will not tolerate lateness", ba ɗalibi ba. Shi ya sa "zero tolerance" ta fi fitowa daga bakin hukumomi. Ko tarihi ka duba haka za ka gani. A 1689 majalisar Ingila ta yi dokar da ake kira Toleration Act, wadda ta bai wa 'yan Furotesta da ba sa bin Cocin Ingila damar yin ibada a wurarensu. Ba a buɗe musu muƙaman gwamnati ba, 'yan Katolika kuwa ko sa su a ciki ba a yi ba. An dai ƙyale su ne, kuma na sama ne ya ƙyale. To idan ka rubuta "we will no longer tolerate this", abin da manaja zai ji shi ne gargaɗi, wato ma'aikata sun shirya ɗaukar mataki. In haka kuke nufi, shi ke nan. In ba haka ba ne, ka kauce mata.

Endure kuwa ta wanda ba shi da mafita ce. Ana amfani da ita ga abu mai tsanani kuma mai tsawo: yaƙi, fari, zaman kurkuku, ciwo mai cin rai. Tushenta kalmar Latin ce, durus, wato mai tauri, kuma daga nan durable ta fito, wadda ake faɗa wa kaya mai ƙarko. Saboda haka akwai tauri a cikinta, akwai kuma daɗewa. Ita ce mafi kusa da juriya. Idan mutum ya sa ta a kan ƙaramin abu kamar jiran mota, sai a ji ya cika baki. Amma zafi da ƙara dare bayan dare sun kai matsayinta, kuma tana ba mai faɗinta mutunci: ya nuna ya sha wuya ba tare da ya yi raki ba. Da ni ne, ita zan ɗauka.

Put up with ita ce ta bakin kowa. Ba ka son abin, kana ci gaba da zama da shi, kuma akwai ɗan ƙorafi a muryarka. A hira babu kamarta. A takardar ofis ba laifi ba ce, sai dai tana sauke nauyin maganar.

Bear da stand sun fi zama tare da korewa. "I can't bear it" nauyi ne a zuciya, irin na rashi ko kunya ko raɗaɗi, domin asalin bear ɗauka ce, kamar yadda mu ma muke cewa ba zan iya ɗaukar wannan ba. "I can't stand it" ta fi karkata ga ƙin abu, kuma in ka faɗa a kan mutum, ka ce ka ƙi jininsa ke nan. Ka lura da kyau, da zarar an ƙara for, magana ta canza: "I won't stand for it" ta koma layin masu iko, daidai da tolerate.

Dalilin yawansu kuwa tsoho ne. A 1066 William na Normandi, wani yanki a Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na ƙarnoni, talakawa suka ci gaba da harshensu. Bear da stand da abide 'yan gida ne, endure da suffer ta Faransanci suka shigo, tolerate kuma daga Latin aka ɗauko ta daga baya. Har yau gajerun sun fi zama a baki, dogayen sun fi zama a takarda.

"Bear with us" roƙo ne, ba umarni ba. Amma ka riƙe wannan: tana ɗauke da alkawari. Ana faɗinta ne idan ana kan gyara abu kuma jiran ba zai yi tsawo ba. Wanda ya ce "bear with us" ya amsa cewa akwai matsala kuma gyaranta a wuyansa yake.

Mai Jinya ta amsa:

Baba Malam, Allah ya ƙara sani. Amma da izininka zan ɗan ja da maganar tolerate, domin a asibiti ba haka muke jin ta ba. Kullum muna rubuta "the patient tolerated the procedure well", kuma maras lafiya da ke kwance ba shi da wani iko a kan kowa. Abin da ake nufi shi ne jikinsa ya karɓi abin ba tare da matsala ba. In ka ga "well tolerated" a takardar da ke cikin kwalin magani, ana nufin yawancin masu sha ba ya jigata su. Tolerance kuma a wurinmu ba yabo ba ce. Tana nufin jiki ya saba da magani har adadin da yake aiki da ya daina isa, kamar yadda ake gani da magungunan kashe raɗaɗi dangin mofin. To ina ga ikon yana nan idan ana maganar halayen mutane, amma idan ana maganar jiki da abin da zai iya ɗauka, babu batun sama da ƙasa.

Ɗan'uwa mai tambaya, withstand da ka lissafa ta fi dacewa da ƙarfe da gini da kayan aiki, ko runduna da ta tsaya wa hari. Injinka ne zai yi withstand ɗin zafi. Kai mutum ne.

Abin da ya sa na shigo ma ba kalmomin ba ne kaɗai. Ka ce ba kwa jin maganar na kusa da ku. Wannan alama ce da ya kamata ta tayar muku da hankali. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata suka fi amfani da shi shi ne desibel 85 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) na tsawon awa 8, kuma hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, tana lissafin cewa duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin da ya kamata mutum ya zauna a wurin gida biyu. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke kusa da kai ya ji ka, akwai yiwuwar kun kai wannan iyaka. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa, kuma a hankali yake tafiya ba tare da mutum ya farga ba. Don haka ban so takardarku ta tsaya a kan haƙuri kawai. Ku sa "we are exposed to", wadda ke nuna an bar ku cikin haɗari, kuma in akwai masu ciwon kai ko ƙara a kunne ku rubuta "suffer from". Da from ake haɗa suffer idan ana maganar ciwo. Masu karanta irin wannan takarda sun fi motsawa idan suka ga maganar lafiya a rubuce.

Mai Aikin Dare ya sake rubutawa:

Na gode Baba Malam, na gode Malama. Wallahi maganar kunnen nan ta shige ni, domin akwai waɗanda suka fara kokawa da shi a cikinmu.

Ƙarin tambaya. Wani matashin mai duba aiki ya taɓa ce wa abokina "suck it up" lokacin da ya yi maganar zafin, yana faɗa yana dariya. Wani kuma ya ce mana "just grin and bear it". Abokina ya ji haushin ta farkon, ni kuma ban san ko ya dace ya ji ba. Zagi ne?

Ɗan Ci-rani ya amsa:

Ɗan'uwa, abokinka yana da gaskiya. Ba ashar ba ce, amma raini ne. Na yi aiki da Turawan Ingila da na Amurka, kuma "suck it up" ta fi yawa a bakin Amurkawa. Ma'anarta ka haɗiye ka yi shiru, kukanka bai dame ni ba. Aboki zai iya faɗa wa aboki cikin wasa, mai horar da 'yan wasa zai iya faɗa wa yaransa. Amma na gaba a wurin aiki ya faɗa wa wanda ya kawo koke na gaskiya, wannan rashin mutunci ne ko a wurinsu. 'Yan Ingila suna da tasu mai kama da ita, "like it or lump it", wato ko ka so ko ka ƙi.

"Grin and bear it" ta fi sauƙi. Shawara ce ta wanda yake ganin babu yadda za a yi, sai a daure fuska a sake. Ba zagi ba ce, amma ka lura da abin da ke ƙarƙashinta: mai faɗinta ya riga ya yanke cewa abin ba zai canza ba. Ku kuwa kuna rubuta takarda ne don ya canza.

Akwai wasu da za ka riƙa ji, gara ka san bambancinsu. "Bite the bullet" mutane da yawa suna ɗauka juriya ce kawai, alhali ta fi nufin ka cije ka aikata abu mai ɗaci da kake ta ɗagawa, kamar biyan kuɗin gyara mai tsada. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne sojan da ake yi wa tiyata a zamanin da babu allurar barci yana cizon harsashi. In ka duba, kamfaninku ne ya kamata ya yi bite the bullet ya gyara na'urorin, ba ku ba. "Take it on the chin" daga dambe ta fito, ana faɗa wa wanda ya karɓi suka ko faɗuwa bai yi ƙorafi ba. "Stick it out" da "tough it out" na wanda ya ƙi barin abu ne har ya ga ƙarshensa. "Weather the storm" da "ride it out" maganganun teku ne, kuma sharaɗinsu shi ne masifar mai wucewa ce da kanta. Injin da ya lalace ba ya gyara kansa, saboda haka ba su shafe ku ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki a zamana da 'yan Ingila shi ne yadda suke ɗaukaka ɓoye damuwa. Suna kiran abin "stiff upper lip", wato kada leɓe ya yi rawa a ga za ka yi kuka. Ka tambayi dattijo lafiyarsa ya ce "mustn't grumble", wato bai kamata a yi ƙorafi ba, ko da kuwa ciwo na cinsa. Rubutun nan "Keep Calm and Carry On" (wato a kwantar da hankali a ci gaba) da ake gani a riguna da kofuna, gwamnatin Birtaniya ce ta buga shi a 1939 ana shirin yaƙin duniya na biyu, kwafi sama da miliyan 2, amma kusan ba a manna shi ba. Sai a shekarar 2000 aka tsinci kwafi a wani kantin tsofaffin littattafai a garin Alnwick, daga nan ya bazu. Amfanin sanin wannan a gare ka shi ne: mai irin wannan tarbiyya ya fi jin magana mai sanyi da hujja fiye da mai zafi. Idan ka rubuta a natse cewa abu ya zama intolerable, ya san ba ƙaramar magana ka yi ba.

Tafinta ta amsa:

Ƙanena, fassara ce sana'ata, kuma haƙuri na cikin kalmomin da suka fi ba ni aiki. Mu da ita muke ba da baki, da ita muke neman afuwa, da ita muke jajantawa, da ita muke cewa a jira. Turanci ya rarraba waɗannan. Idan ka taka mutum ka ce masa "be patient", bai ji ka nemi afuwa ba, ya ji ka ce ya daina gaggawa. Patient a wurinsu ta fi tafiya da jira. Wannan ma zai yi maka amfani, domin ku abu biyu kuka yi: kun jira alkawari, kun kuma jure wahala. Na farko patient, na biyu endure. Ka ba kowanne jimlarsa.

Kawaici kuma ya fi kusa da forbearance, wato kana da damar magana ko ramawa amma ka danne. Kalma ce mai girma, lauyoyi da bankuna ma suna amfani da ita idan mai bin bashi ya ɗaga wa wanda yake bi ƙafa. Kada ka haɗa ta da "turn a blind eye" ko condone. Waɗannan biyun zargi ne, na wanda ya ga ɓarna ya kau da kai. In ka ce shugabanni sun yi turn a blind eye, ka tuhume su ke nan, kuma ban ga amfanin haka a takardar farko ba.

Sai 'yan abubuwan nahawu da ke kayar da mutane. Put up with kalmomi 3 ne da ba a raba su, kuma in ka yar da with ma'ana ta tafi wani wuri, domin put up na iya nufin saukar da baƙo ko kafa abu. Cope kuma with kaɗai take ɗauka. "Cope up with" da ake yawan ji gauraya ce ta cope with da put up with, kuma mai harshen zai lura nan take. In aikatau ya biyo bayan tolerate ko endure ko put up with, da ing yake zuwa: "put up with working in the heat". Bear a wannan ma'ana tana komawa bore da borne, kuma ka kula da rubutunta, domin bare da ake furtawa iri ɗaya tsiraici take nufi.

Ga yadda zan tsara zuciyar takardar:

"We were asked to bear with the management, and we have waited patiently. We have endured extreme heat and noise on every night shift, and several of us now suffer from headaches and ringing in the ears. These conditions have become intolerable. We respectfully request a date by which repairs will be completed."

Ka ga na fara da maganar manajan da kansa, kamar yadda Baba Malam ya nuna tana ɗauke da alkawari. Na kuma sa intolerable maimakon "we will not tolerate". Tushensu ɗaya, amma ta farko tana siffanta halin da ake ciki, ta biyun tana ja da mutum. Maganar ciwon kai da kunne kada ka sa sai in gaskiya ce.

Tsohon Malami ya sake amsawa:

'Yata Mai Jinya, na karɓi gyaranki, haka yake. Tsarin Tafinta ma ya yi. Intolerable tana da haƙori fiye da unbearable. Unbearable kuka ne na abin da jiki ko zuciya suka kasa ɗauka, intolerable kuwa hukunci ce cewa abin bai kamata a bar shi ba. Amurkawa har yau Intolerable Acts suke kiran dokokin da majalisar Birtaniya ta ƙaƙaba musu a 1774, shekara guda kafin yaƙin neman 'yancinsu ya ɓarke. Insufferable kuma ka bar ta, ta mutum mai girman kai ce da ba a iya zama da shi.

Na ga ba a taɓa sauran biyun da ka lissafa ba, ɗana. Abide a ma'anar jurewa ta tsufa, sai a "can't abide" ake jin ta, yawanci a bakin manya. Wadda ke raye ita ce "abide by", kuma bin doka take nufi. Za ka iya amfani da ita in kana so ka nemi kamfanin ya bi ƙa'idojin lafiyar ma'aikata: "abide by safety regulations". Brook kuwa ba ta da alaƙa da rafin da ka sani, kalma ce daban da suka yi kama a rubutu. Kusan kullum da no take tafiya, kamar "brook no opposition", kuma ana faɗa ne a kan shugaba mai tsauri da ba ya son a ja da shi. Ba ta da gurbi a takardarku.

Abu ɗaya zan ƙara a kan tsarin Tafinta: bayan "we have endured", ku rubuta watan da na'urorin suka lalace. Endure kalmar tsawon lokaci ce, kuma ta fi ƙarfi idan mai karatu ya ga tsawon da idonsa. Ku sa hannu dukanku, kuma ku ajiye kwafi.